Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sharhi Kan Kalmomin Turanci Masu Haruffa Iri Ɗaya

Akwai wata hanyar koyar da Turanci da ta yi jijiya a makarantunmu tun zamanin alli da baƙin allo, ga shi yanzu wayar hannu ta ƙara mata ƙarfi. Hanyar ita ce a tattaro kalmomin da suka yi tarayya a wasu haruffa, a jera su reras, a rubuta ma'anar kowace a gabanta, a ce yara su haddace. Yau masu farawa da *un*, gobe masu ƙarewa da *tion*, jibi masu *ough* a tsakiya. Malami yana son ta domin tana cika allo nan da nan. Uba yana son ta domin idan ya buɗe littafin ɗansa zai ga rubutu fal, ya tabbata kuɗin makaranta ba su tafi a banza ba. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, idan kalmomi biyu suka yi tarayya a haruffa, dole ne su yi tarayya a ma'ana? Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ko kusa, kuma amfanin hanyar kacokan ya rataya ne a kan sanin inda aka rabu.

Mu ɗauki gari irin Yangoji, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Kwali a Babban Birnin Tarayya, a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Abaji. Yaron da ya tashi a wannan yanki yana iya yin Gbagyi ko Basa ko Ganagana ko Fulatanci a gida, ya yi Hausa a kasuwa, ya ji Turancin buroka a tasha. Turancin littafi kuwa sai a aji yake haɗuwa da shi. Amma da wannan na ƙarshen za a auna shi ranar da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, kuma JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci a kan kowa, mai neman likitanci ne ko mai neman nazarin Larabci. Wanda bai ci Turanci ba, Jami'ar Abuja tana nan kusa da shi amma ta yi masa nisa.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Paul Nation, masanin koyar da harshe a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yana leƙa ƙamus kowane lokaci ba yana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ba yaron da zai haddace wannan ɗaya bayan ɗaya a shekaru shida na sakandare. Dole a haɗa kalmomi rukuni-rukuni. Ke nan masu jera kalmomi ba su yi kuskure ba da suka nemi gajeriyar hanya. Inda gizo ke saƙar shi ne da me za a haɗa rukunin.

Abin da mai jin Hausa ya riga ya sani

Duk wanda ke jin Hausa yana da makamin wannan aiki a bakinsa, ko bai taɓa shiga aji ba. Ya san manomi mai noma ne, maƙeri mai ƙira, maɗinki mai ɗinki. Ya san makaranta wurin karatu ce, marina wurin rini, mahauta wurin fawa. Ya san mabuɗi abin buɗewa ne, madubi abin dubawa, ma'auni abin awo. Wannan *ma* da ke goshin kalma, wadda masana nahawu ke kira ɗafa-goshi, tana da aiki, kuma idan aka cire ta za a tarar da wata kalma a ƙarƙashi. Amma ba Bahaushen da zai ce mage mai “ge” ce, ko masara wurin sara ne, ko mangwaro abin yin “ngwaro”. Haruffan ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba.

Wanda ya yi Islamiyya ma ya ƙara da wani sani. Ilimi da malami da ulama duk daga baƙaƙe uku na Larabci suka fito. Haka hukuma da hukunci da hakimi da hikima. Idan kunne ya saba da wannan, da wuya ya rasa hanya a cikin Turanci, domin Turanci ma haka yake gina kalmominsa. Har a kalmomin da muka ara alamar tana nan: direba, lauya, manaja, lebura, birkila. Wannan wasalin *a* na ƙarshe shi ne *er* na Turanci mai nuna mai yin aiki, kamar a *teacher* da *farmer* da *driver*. Sai dai *water* da *finger* da *paper* su ma da *er* suka ƙare, kuma su ne mage da masarar Turanci.

Daga nan za a ga cewa tarayyar haruffa iri uku ce. Akwai wadda ke ɗauke da ma'ana, akwai wadda ke ɗauke da sauti kawai, akwai kuma wadda ba ta ɗauke da komai sai kama.

Haruffan da ke ɗauke da ma'ana

Nan ne riba take. Wani bincike da Thomas White da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1989 ya gano cewa ɗafa-goshi huɗu kacal, wato *un* da *re* da *in* da *dis*, su ke kan kashi 58 cikin 100 na kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan 'yan makaranta. Uku daga ciki galibi korewa suke yi: *unsafe* marar tsaro, *incorrect* ba daidai ba, *dishonest* marar gaskiya. *Re* kuma maimaici ne ko komawa: *rewrite* sake rubutawa, *repay* biyan abin da aka karɓa. Darasin mako ɗaya a kan waɗannan huɗu ya fi hadda ta zangon karatu guda.

Haka saiwar kalma, musamman waɗanda Turanci ya gada daga Latin da Girkanci. *Port* ɗauka ne, shi ya sa *transport* sufuri ne, *import* shigo da kaya, *export* fitar da su, *portable* abin da za a iya ɗauka a hannu. *Spect* dubawa ne: *inspector* shi ne sufeto mai duba aiki, *spectacles* tabarau. *Dict* faɗa ne: *dictation* shifta, *predict* faɗin abu kafin ya faru, *verdict* hukuncin kotu.

Kada a ɗauka wannan zancen jarrabawa ne kawai. A shiga shagon mai sayar da maganin feshi a farkon damina, lokacin da manoman doya da masara da dawa ke cika shi. Robobi ne jere a kan kanta, launinsu kusan ɗaya, rubutun jikinsu duk Turanci. Wannan an rubuta *herbicide*, wancan *insecticide*, na can *fungicide*. Ƙarshensu ɗaya, *cide*, ma'anarsa kisa; farkon kalmar ne ke faɗin wanda za a kashe, ciyawa ko ƙwari ko cutar ruɓa. A ƙasa da ƙananan haruffa za a ga *pre-emergence* ko *post-emergence*: *pre* kafin, *post* bayan, wato ko a fesa kafin tsiro ya fito ko bayan ya fito. Sannan ga *selective* da *non-selective*. Na farko yana zaɓen abin da zai kashe, na biyu duk ɗanyen ganyen da ya taɓa ya tafi. Manomin da ya fesa na biyu a kan masarar da ta kai gwiwa ya yi asarar damina a kan haruffa uku. Idan ɗansa na sakandare ya san *non*, ya ceci gonar.

A asibiti ma haka. *Itis* kumburi ne, don haka *hepatitis* na hanta ne, *meningitis* shi ne sanƙarau, *arthritis* na gaɓɓai. *Hyper* wuce kima ne, *hypo* gazawa: *hypertension* hawan jini, *hypotension* faɗuwarsa. *Ante* kafin ne, kamar a *antenatal*, awon ciki; *anti* kuma kishiya ne, kamar a *antimalarial*, maganin zazzaɓin cizon sauro. Harafi ɗaya ne tsakani.

Wani abin lura shi ne ɗafa-goshi yakan sauya kama saboda baƙin da ya biyo shi. *In* na korewa yakan koma *im* a *impossible*, *il* a *illegal*, *ir* a *irregular*. Wannan naso ne, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu: muna rubuta “gidan Bala” amma “gidam Bala” muke furtawa, kuma duk mai karatun Alƙur'ani ya san yadda lam ke narkewa a cikin harafin da ke gabanta.

Amma ko a wannan rukuni akwai tarko. Mutum ya tsaya a bakin titi a Yangoji ya dubi tankokin man da ke gangarawa Lokoja. A jikin da yawansu an rubuta *highly inflammable* da jan fenti. Ɗalibin da aka koya wa cewa *in* kullum korewa ce zai karanta shi a kan “ba ya kama wuta”, alhali nufin shi ne yana kama wuta da sauri. Turanci yana da *in* biyu daga Latin, ɗaya ta korewa, ɗaya mai nufin ciki ko ƙarfafawa, kamar a *inject*. Saboda wannan ruɗani ne masu kula da kiyaye haɗurra suka fi son a rubuta *flammable* kawai. Haka *invaluable* ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi.

Haruffan da ke ɗauke da sauti kawai

Rukuni na biyu shi ne na amsa-amo: *light, night, fight, sight*, ko *make, take, cake, lake*. Ba abin da ya haɗa haske da dare da faɗa a ma'ana. Abin da ya haɗa su furuci ne, kuma a matakin firamare wannan babban abu ne. Yaron da ya gane yadda ake karanta *ight* sau ɗaya ya samu kalmomi da dama a kyauta. A kan wannan tunani aka gina tsarin koyar da karatu ta sauti, irin Jolly Phonics mai sautuka 42 da aka horar da malaman firamare a kansa a jihohi da yawa na Najeriya. Irin wannan jeri yana kuma taimaka wa mai jin Hausa inda harshensa ke tuntuɓe. Hausa ba ta bambanta *p* da *f*, ba ta kuma da *v*, don haka jera *pan* da *fan*, *pull* da *full*, *ban* da *van* horo ne mai kyau ga takardar furuci ta WAEC. Kuskuren shi ne a ba yaro wannan jeri a ce darasin ma'ana ne. Darasin kunne da baki ne.

Ko a nan ma Turanci ba ya cika alkawari. Malami ya rubuta kalmomi shida a allo: *though, through, tough, cough, bought, bough*. Haruffa huɗu iri ɗaya ne a cikin kowace, furuci shida daban-daban. Yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to wanne ne daidai?” Malam ya ce, “Duka.” Aji ya yi tsit. Idan aka tsaya a nan, abin da yaro zai fita da shi shi ne Turanci ba shi da kai. Alhali yana da dalili, dalilin kuma tarihi ne.

Rubutun boko na Hausa ɗan jiya ne, kuma da gangan aka tsara shi. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930 lokacin aikin Rupert East a Zariya. Kusan kowane harafi da sautinsa guda. Turanci kuwa haruffa 26 yake amfani da su wajen rubuta sautuka kusan 44, kuma ba wanda ya zauna ya tsara shi. Tushensa dangin Jamusanci ne. Mayaƙan arewacin Turai suka zo suka bar masa *sky* da *skin* da *skill*. A 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru. Malamai kuma suka yi ta ɗebowa daga Latin da Girkanci. Shi ya sa *ch* ke da furuci uku: na asali a *child*, na Girkanci a *chemistry*, na Faransanci a *machine*.

A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa, amma baki bai daina sauyawa ba. Da can ana furta *k* na *knife* da *know*, ana kuma furta *gh* a maƙogwaro. Furucin ya tafi, haruffan suka zauna. Wasu ma cusa su aka yi: masana ne suka saka *b* a *debt* da *doubt* domin su nuna asalinsu na Latin. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara tabbatar da rubutun Ingila, na Noah Webster na 1828 ya ware na Amurka, wanda ya sa yau ɗalibi ke ganin *colour* a littafi, *color* a waya.

Wannan riƙon tsohon rubutu yana da wani alheri da ba a cika faɗa wa yara ba. *G* na *sign* ba a furta shi, amma yana fitowa fili a *signal* da *signature*. *Heal* da *health* sun rabu a furuci, rubutu ya riƙe zumuncinsu. Sau da yawa harafin da ya yi shiru shi ne shaidar dangantaka.

Haruffan da ba su ɗauke da komai

Rukuni na uku shi ne mafi yawa a jerin da ke yawo: kalmomi masu harafi biyar da suka fara da kaza, ko masu ɗauke da harafi kaza da kaza. *Uncle* ya shiga layin *unhappy*, *red* ya shiga na *repay*, *dish* ya shiga na *dishonest*. Irin wannan jeri don wasa aka yi shi, kuma a fagen wasa yana da daraja. Najeriya gwana ce a wasan haɗa kalmomi na Scrabble: Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Amma a wannan shekarar ce kuma Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Haddace jerin kalmomin ya yi. Wannan ya isa hujja cewa sanin haruffan kalma daban, sanin kalmar daban.

A wannan rukuni ne kuma ake samun masu kama da tagwaye da ke kayar da ɗalibai: *quiet* da *quite*, *lose* da *loose*, *diary* da *dairy*, *angel* da *angle*, *principal* da *principle*. Akwai ma waɗanda rubutunsu ɗaya ne sak, kamar *bank* na ajiyar kuɗi da *bank* na gaɓar kogi. Mai karatun Hausa bai kamata ya yi mamaki ba. Tunda boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, “gari” na iya zama na zama ko na tuwo, “wuya” na iya zama na jiki ko na wahala. Jimla ce ke raba gardama. To haka Turanci: waɗannan kalmomi ba a koyon su a jere, sai a cikin jimla, kowace a mazauninta.

Yadda darasin zai kasance

Malami a Kwali ba ya bukatar kayan aiki daga waje. Ya zaro naira 20 daga aljihu ya juya bayanta. Hoton Ladi Kwali ne, shahararriyar maginiyar tukwane 'yar wannan ƙasa, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984. Ya rubuta *pot* a allo, tukunya. Ya tambayi aji, mai gina ta fa? *Potter*. Sana'ar fa? *Pottery*. Sannan ya ƙara *potash* da *potato*, ya ce su yanke hukunci. Za a yi musu, kuma musun shi ne karatun. A ƙarshe ƙamus zai nuna *potash* ɗan dangi ne, daga tukunya da toka, domin a tukunya ake dafa ruwan toka a samo shi, kuma daga gare shi aka samu sunan sinadarin *potassium* da ke cikin takin NPK. *Potato* kuwa baƙo ne da ya biyo ta harshen Sifaniya daga tsibiran Karibiyan, ba ruwansa da tukunya sai ranar dahuwa. A minti 20 yara sun ga Turanci, sun ga tarihi, sun ga kimiyyar noma, sun kuma koyi shakkar kama.

Tambayoyi uku suka isa kowane jeri. Idan an cire waɗannan haruffa, akwai kalma ko saiwa da ta rage? Ma'anar da ake zato ta zauna daidai a cikin jimlar? Me ƙamus ya ce game da asalinta? Yaron da ya saba yi wa kansa waɗannan tambayoyi zai iya tunkarar kalmar da bai taɓa gani ba a zauren jarrabawa, wanda ya dogara da hadda kuwa sai ya zuba mata ido.

Saboda haka kira na ga malaman Turanci, a Yangoji da ko'ina, shi ne kada a jefar da jerin kalmomi, a tace shi. Wanda na ma'ana ne a koyar da shi da saiwarsa, wanda na sauti ne a koyar da shi da baki, wanda na wasa ne a bar shi a filin wasa. A daina jin kunyar farawa da Hausa ko Gbagyi wajen bayani, domin yaron da ya san bambancin manomi da mage ya riga ya yi rabin tafiyar. Iyaye kuma, idan yaro ya kawo littafi cike da kalmomi, kada a tsaya a kan “nawa ka haddace?” A ɗauki biyu daga ciki a tambaye shi me ya haɗa su, kuma a saya masa ƙamus mai nuna asalin kalma.